Yadda ake ƙidayar laifin fyaɗe da sake aikata shi a birnin Kano: jagora ga mai tattara alƙaluma

Lokaci-lokaci rundunar 'yan sanda da ke Bompai takan faɗi yawan ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da ta karɓa, Hukumar Hisba ta faɗi nata, cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da ke Asibitin Murtala ta faɗi nata, Ma'aikatar Shari'a kuma ta faɗi yawan waɗanda aka ɗaure. Wanda ya tara waɗannan adadi wuri ɗaya zai ƙirga yarinya ɗaya sau uku. Wanda ya ɗauki na hukuma ɗaya ya bar sauran zai rasa yara da yawa. Duka biyun kuma ba su taɓa wadda aka rufe maganarta a zaure ba. Wannan jagora ta ma'aikacin ƙungiya ce, da ɗalibin jami'a, da ɗan jarida, da magatakardar kotu, duk wanda aka ɗora wa amsa tambayoyi biyu: nawa ne, kuma nawa ne ke sake yi bayan an sake su.

Mataki na 1: tsayar da abin da za ka ƙirga

Abubuwa huɗu ne ake cakuɗawa: aukuwar laifin, wadda aka cutar, wanda ake zargi, da fayil ɗin ƙara. A watan Yunin 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Adamu ya ce an samu rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu, an kama mutum 799. Adadin biyu sun bambanta saboda ƙara ɗaya tana iya ɗauke da mutum uku ko huɗu. A wannan watan ne kuma 'yan sandan Kano suka ce sun kama wani mutum a Kwanar Dangora da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara ɗaya. A rajistar waɗanda aka kama, layi ɗaya ne. A lissafin waɗanda aka cutar, 40 ne.

Saboda haka ka buɗe shafi uku masu haɗe da juna: na waɗanda aka cutar, na waɗanda ake zargi, da na ƙararraki, kowane layi da lambarsa. Idan mutum ɗaya ya daɗe yana lalata da yarinya ɗaya, kamar yadda ake yawan samu idan maƙwabci ne ko ɗan uwa, kada ka tilasta mata ƙirga sau nawa. Rubuta ranar farko da ta iya tunawa, da ranar ƙarshe, ka sa alamar “an maimaita”.

Mataki na 2: rubuta sashen doka, ka kuma rubuta abin da aka aikata

Sashe na 282 na kundin Penal Code ya taƙaita fyaɗe ga namiji da ya sadu da mace. Yardar yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, ba yarda ba ce a wurin wannan sashe, kuma ya fitar da saduwar miji da matarsa da ta balaga. Sashe na 283 shi ke yanke hukunci. Yaro namiji da aka yi wa lalata ba ya shiga nan; ƙararsa takan faɗa sashe na 284 ko na 285. Kundin hukunta laifuka na shari'ar Musulunci na Jihar Kano na shekarar 2000 yana da nasa sassan da nasa ƙa'idar shaida. Dokar VAPP ta tarayya ta 2015, mai hana cin zarafin mutane, ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da maza, da amfani da wani abu ko wata gaɓa, amma a Abuja take aiki kai tsaye, jiha sai ta yi tata. Ga kuma Dokar Kare Yara ta Kano da aka sa wa hannu a 2023.

Abin da wannan ke jawowa a aikace shi ne, in ka nemi “fyaɗe” kaɗai a rajistar kotu, yara maza sun ɓace maka gaba ɗaya, kuma ba ka da damar kwatanta adadin Kano da na Abuja. Maganinsa gurbi huɗu ne a kowace ƙara: abin da mai ƙorafi ya ce an yi, a taƙaice, sashen da aka rubuta a caji ofis, sashen da aka gurfanar da mutum a kai, sashen da aka yanke hukunci a kai. Tuhuma takan sauka a hanya daga 283 zuwa 285 idan shaida ta yi rauni. In gurbi ɗaya ka ware, wannan saukar ba za ta taɓa bayyana ba, alhali tana cikin muhimman abubuwan da ya kamata a sani.

Mataki na 3: bi ƙofofin da ƙara ke shiga

A ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, magana takan fara ne a wurin mai unguwa, ko 'yan sintiri, ko ofishin Hisba, ko caji ofis mafi kusa, ko asibiti. Wadda ta ci gaba takan bi wannan layi: caji ofis, sashen binciken manyan laifuka a Bompai, kotun majistare inda ake karanta takardar FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda, a tura wanda ake zargi gidan gyaran hali, Ma'aikatar Shari'a da ke Sakatariyar Audu Baƙo domin shawarar lauyoyin gwamnati, sannan Babbar Kotu. Wasu kuma kotunan shari'ar Musulunci suke zuwa. Akwai ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A ƙarshen layi akwai gidajen gyaran hali na Kurmawa da Goron Dutse.

Kowace ƙofa da irin lambar da take ba fayil, kuma lambar ɗaya ba lallai ta bi fayil zuwa ta gaba ba. Aikinka shi ne kwafe dukkan lambobin a layi ɗaya. Kafin ka taɓa rajistar kowa ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na Ma'aikatar Lafiya ta jiha ko na asibitin da abin ya shafa, da rubutaccen izini daga shugaban kowace hukuma. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Kada ka ɗauki hoton rajista da waya.

Mataki na 4: gane mutum ɗaya a rajista daban-daban

Nan aiki ya fi cin rai, kuma nan ne yawancin ƙididdiga ke lalacewa ba tare da mai yin ta ya sani ba. Wanda aka rubuta Abubakar a caji ofis yana iya zama Garba ko Habu a kotu. Usman ya zama Shehu, Muhammad ya zama Mamman, A'isha ta zama Indo, Fatima ta zama Binta. Suna na biyu yau na uba ne, gobe na kaka, jibi sunan unguwa. Wasu da laƙabi kaɗai aka san su. Shekaru kuwa sau da yawa ƙiyasi ne, shi ya sa za ka ga sun taru a 20, 25, 30. A wajen yarinya bambancin 13 da 14 yana sauya yadda doka ke kallon yarda, don haka ka ƙara gurbin da ke nuna inda aka samo shekarun: takardar haihuwa, katin rigakafi, rajistar makaranta, faɗar iyaye, ko ƙiyasin likita.

Ka tanadi jerin sunaye da takwarorinsu kafin ka fara. Sannan ka kafa ƙa'idar da ba za ka sauya ba a tsakiyar aiki, misali: layi biyu mutum ɗaya ne idan suna ko takwaransa ya dace, unguwa ta dace, ranar aukuwa ba ta bambanta da fiye da kwana bakwai ba, shekaru kuma ba su bambanta da fiye da biyu ba. Wanda ya cika uku cikin huɗu a ware shi, mutum biyu su duba kowa shi kaɗai, in sun saɓa a koma ga ɗan sandan da ya yi bincike ko magatakarda. Ka rubuta yawan waɗanda aka kasa warwarewa, domin za ka faɗe shi a rahoto.

Bayan an haɗa, a cire sunaye a bar lambobi. Takardar da ke haɗa suna da lamba ta zauna a kwamfuta dabam mai kalmar sirri, mutum biyu kaɗai su san ta. Excel ya isa wannan aiki idan layukan ba su wuce 'yan dubbai ba.

Mataki na 5: bi rukuni ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba yawan waɗanda aka ɗaure bana da yawan ƙorafin da aka kawo bana. Hukuncin bana na ƙararrakin shekarun baya ne. Abin da ya dace shi ne ka ɗauki duk ƙorafin da ya shigo daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba na shekara guda, ka bi su su kaɗai, ka duba inda kowanne yake bayan wata 12, da 24, da 36.

A kowace ƙara ka rubuta ranaku: ta aukuwa, ta kai rahoto, ta ganin likita, ta kamu, ta zuwa majistare, ta tura fayil ma'aikata, ta fitowar shawara, ta gurfanarwa a Babbar Kotu, ta hukunci. Tazarar da ke tsakanin ranakun ita ce za ta nuna maka inda fayil ke kwanciya. Tazarar aukuwa zuwa ganin likita tana da nauyi na daban: maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, ana sha kwana 28, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin awa 120. Yawan waɗanda suka iso cikin awa 72 ma'auni ne da ke da amfani ko da ba a je kotu ba. Kuma rahoton likita da bai nuna rauni ba bai nuna cewa ba a yi ba, musamman idan an yi wanka an wanke tufafi kwanaki sun wuce. Kada ka mayar da shi “ƙarya” a rajistarka.

Ƙarar da ta mutu, a rubuta dalilinta daga jeri tsayayye: an yi sulhu, iyaye sun janye, ba a kama wanda ake zargi ba, ya tsallake beli, shaidu sun daina zuwa, lauyoyin gwamnati sun ce ba hujjar tuhuma, kotu ta kori ƙarar saboda rashin bibiya, kotu ta wanke shi. Korar ƙara da wankewa ba ɗaya ba ne, kada a haɗa su. Haka nan sulhu da janyewa: a na farko akwai dattawa da kuɗi ko alƙawarin aure, a na biyu sau da yawa kuɗin mota ne da gajiyar ɗage zama suka kori uba. Magani daban kowanne ke buƙata. A ƙararrakin ƙananan yara ka lura da sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011: shaidar yaron da bai kai 14 ba, da aka karɓa ba rantsuwa, ba ta isa a ɗaure mutum ba sai da wata hujja mai ƙarfafa ta. Ƙara da yawa a nan take faɗuwa, kuma ya kamata a ga yawansu a fili.

Mataki na 6: waɗanda ba su zo ko'ina ba

Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 9 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantarsa, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba. Waɗannan adadi na ƙasa ne baki ɗaya, ba na birnin Kano ba, ma'anar da suka yi amfani da ita kuma ta fi ta sashe na 282 faɗi. Amma sun isa su nuna cewa rajistar 'yan sanda ɗan yanki ce kawai.

Akwai wata dabarar ƙiyasi daga rajista biyu. Ga misali da adadin koyarwa kawai: asibiti ya ga 200, 'yan sanda sun ga 150, mutum 60 suna cikin duka biyun. Ka ninka 200 da 150, ka raba da 60, ka samu 500. Sharaɗin dabarar shi ne rajistar biyu ba su dogara da juna ba. A Kano sun dogara, domin ɗan sanda ne ke raka yarinya asibiti, asibiti kuma ke tura iyaye caji ofis. Wannan yana kumbura adadin da ke tsakiya, ya sa ƙiyasin ya yi ƙasa da gaskiya. In ka yi amfani da ita, ka kira sakamakon mafi ƙarancin ƙiyasi.

In kuma za ka shiga gidaje da tambayoyi, mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, mutum ɗaya a gida, a keɓe, ba miji ba uwar miji a kusa. A tambayi abin da ya faru dalla-dalla (“wani ya taɓa tilasta miki…”), domin da yawa ba sa kiran abin da ɗan uwa ko saurayi ya yi musu fyaɗe. Kada a shiga unguwa sai an riga an shirya inda za a tura wadda ta buɗe baki. Tambayar da ta tono ciwo aka tafi aka bar yarinya da shi zalunci ne, komai kyan rahoton da za a fitar.

Wajen fitar da adadi bisa kowane mutum 100,000, ka tuna ƙidayar jama'a ta ƙarshe ta 2006 ce, lokacin da aka ba jihar kimanin mutum miliyan 9.4. Duk abin da ke bayanta hasashe ne, kuma Kumbotso da Ungogo sun cika sun batse tun daga lokacin. Faɗi hasashen da ka ɗauka.

Mataki na 7: auna sake aikatawa

Kafin ka furta kowane kashi sai ka amsa uku: wane rukuni, wane abu ne za a kira sake aikatawa, kuma tsawon wane lokaci. Dubi yadda amsar ke sauyawa a ƙasashen da rajistarsu ta fi tamu tsari. Wani nazari na 2004 da ya haɗa mutum 4,724 daga Kanada, Amurka da Birtaniya ya samu kashi 14 sun sake laifin lalata cikin shekara 5, kashi 20 cikin shekara 10, kashi 24 cikin shekara 15. Ofishin ƙididdigar shari'a na Amurka ya bi fursunonin da aka saki a 2005 a jihohi 30 har shekara 9: cikin waɗanda aka ɗaure kan fyaɗe ko makamancinsa, kashi 7.7 aka sake kamawa kan irin laifin, amma kusan kashi 67 aka sake kamawa kan wani laifi ko ma wane iri ne. Rukuni ɗaya, amsa biyu masu nisa. Waɗannan adadi nasu ne, kada a ɗora su kan Kano.

A Kano ka ɗauki duk waɗanda aka ɗaure kan sassan da ka zaɓa, aka kuma sake su cikin wasu shekaru ƙayyadaddu. Ka ƙirga ma'auni uku dabam-dabam: sabon ƙorafi a kowace ƙofa, sabon kamu, sabon ɗauri. Na farko zai haɗa da zargin da bai tabbata ba, na ƙarshe zai yi ƙasa sosai saboda duk ramukan da aka lissafa a mataki na 5. Ka fitar da ukun tare.

Agogo yana farawa ranar da mutum ya fito, ba ranar hukunci ba. Gyaran da Kano ta yi wa sashe na 283 a 2014 ya sa hukuncin ya zama ɗaurin rai-da-rai ko aƙalla shekara 14. Ko an rage wa mutum kashi ɗaya cikin uku saboda kyakkyawan hali, zai haura shekara tara a tsare, don haka waɗanda suka fito daga wannan rukuni kaɗan ne tukuna. Akasin haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na Najeriya jiran shari'a suke yi. Da yawa cikin waɗanda ake zargi za su fita ta hanyar beli ko korar ƙara ba tare da an taɓa yanke musu hukunci ba. A doka ba masu laifi ba ne, bai halatta ka saka su cikin masu “sake” aikatawa ba. Ka buɗe musu rukuni na biyu mai suna “waɗanda aka sake zarga”, ba tare da sunaye ba. Watannin da mutum ya koma tsare kan wani laifi dabam, kamar sata, a cire su daga lokacin da yake waje.

Ranar aikata sabon laifin ita ce abin dubawa, ba ranar kamu ba. Yakan faru bayan an ɗaure mutum wasu yaran su samu ƙarfin faɗin abin da ya yi musu tun da can. Wannan tsohon laifi ne da ya fito daga baya, ba komawa gidan jiya ba. A nan ma'aunin yake da wani giɓi da ya kamata a faɗa wa mai karatu: laifuka arba'in da aka yi kafin kamun farko, irin na zargin Kwanar Dangora, ba sa shiga lissafin sake aikatawa ko ɗaya. Ƙaramin kashi bai nuna cewa masu maimaita laifin kaɗan ne ba.

Sai batun gane mutum. Wanda ya fito daga Kurmawa yana iya komawa Jigawa, Katsina, Kaduna ko ya tsallaka Nijar da wani suna. In akwai lambar NIN ko hoton yatsu a fayil ɗinsa na gidan gyaran hali, su ne madogara. In babu, sai lambar fursuna, sunan uba, garin asali da tabon jiki. Kundin masu laifin lalata na ƙasa da NAPTIP ke kula da shi, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2019, abin da aka shigar masa kaɗai yake nunawa, rashin ganin suna a ciki ba wankewa ba ne. Wanda ya rasu ko aka rasa inda yake, kada a lissafa shi cikin waɗanda ba su sake ba. A tsayar da agogonsa a ranar ƙarshe da aka tabbatar da labarinsa. Lissafin Kaplan-Meier an yi shi ne domin irin wannan, kuma masana ƙididdiga sun san shi.

Ƙanƙantar rukuni ma matsala ce. In mutum 60 ka bi, 6 suka sake, kashi 10 ke nan a takarda, amma tazarar tabbacin lissafin ta kama daga kimanin kashi 5 zuwa 20. Ka rubuta “6 cikin 60” tare da tazarar. Ma'aunan hasashen haɗari irin su Static-99, da aka gina da bayanan fursunonin Kanada da Birtaniya, sun dogara da cikakken tarihin hukunce-hukuncen baya, har da tambayar ko mutum ya taɓa zama da abokin zama shekara biyu. Kada a yanke wa kowa beli ko afuwa da su kafin a gwada su kan bayanan gida.

Mataki na 8: fitar da rahoto

A rubuta “ƙorafin da aka kai”, kada a rubuta “fyaɗen da aka yi”. In adadi ya tashi, ka duba me ya sauya a wannan lokaci kafin ka ce laifi ya ƙaru: an buɗe sabuwar cibiya, an yi gangami a rediyo, an sauya DPO, an sauya fom? Bayan Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a Yunin 2020 maganar ta cika kafafen labarai, kuma irin wannan yanayi kan ƙarfafa iyaye su fito. Faɗuwar adadi ma tana iya zama alamar mutane sun yanke ƙauna, ko yajin aikin ma'aikatan kotu ya tsayar da rajista.

Duk gurbin da adadinsa bai kai biyar ba a haɗe shi da na kusa da shi. Kada a fitar da lissafi unguwa-unguwa tare da shekaru da dangantaka, domin “'yar shekara tara, kawunta, unguwa kaza” suna ne a wurin maƙwabta. A tsaya a matakin ƙaramar hukuma. A ƙasan kowane jadawali a rubuta rajistar da aka duba, da wadda aka hana ka, da watannin da shafukansu suka ɓace, da yawan layukan da aka kasa haɗawa. A sa ranar da aka rufe lissafi, a koma kotuna da gidajen gyaran hali duk wata shida a sabunta matsayin kowace ƙara, a bar tsohon matsayin a gurbinsa kada a goge.